Masu Gadin Na'urar Alhaji Mussa

Duk wanda ya taɓa zama a fadar Rabi'u mai shayi, wato majalisar hirarsa, nan bakin tashar Matamaye, ya san abu biyu ne ba sa ƙarewa a wurin: ruwan zafi da labarin Falalu. Shi dai Falalu ya taɓa yin damina guda a wani siber, wato shagon intanet, a Damagaram, aikinsa share ƙasa da tayar da gurup, injin ba da wuta, in an ɗauke kuran. Daga can ya dawo gida da tabarau marar magani da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa, ba rago ba goro. Tun daga lokacin babu wani abu mai amfani da wuta da ya sake samun kwanciyar hankali a unguwarsu. Rediyon ladan da ya gyara ta koma ba ta magana sai an kifa ta.

Mutane sun yi ta haƙuri, har ranar da ya kai hannu kan firigon matarsa Baiwa. Da shi take sana'ar zoɓo da ƙanƙara, kuma ba abin da ya same shi illa ɗan gurnanin da kowane firigo ke yi. Falalu ya kasa kunne ya ce wannan gurnani ciwo ne, in ba a tare shi da wuri ba zai yi nisa. Ya kwance bayansa ya yi masa aiki. Gurnani kam ya daina, sanyi ma ya daina, har abin da aka sa a ciki da safe yakan fito da ɗumi. Baiwa ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure kayanta ta tafi gidan mahaifinta, Alhaji Mussa.

A fada Falalu ya ce ganin gida ta je. Kowa ya gyaɗa kai, kowa kuma ya san yaji ne. Ya aika biko har ƙafafun abokansa suka gaji, amsar Alhaji ɗaya ce: a bar ta ta huta. Gaskiyar magana Falalu yana son matarsa, kuma gidan ya yi masa faɗi. Ya rame da cin shinkafar tasha, in ya shiga ɗaki ya yi bayanin wani abu sai bango kaɗai ke saurare.

Shi ma Alhaji Mussa yana da nasa labarin. A samartakarsa ɗan kokawa ne, kuma babu yaro ko babba a Matamaye da bai ji daga bakinsa yadda ya ɗaga Tanna na Yauri, gwarzon zamanin, ya maka shi da ƙasa a filin Damagaram ba. Mutum ɗaya ne ba ya yarda, wato Malam Shekara, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda kullum yake cewa shi ma yana wurin, kuma tafin ƙafar da ya gani a sama ya yi masa kama da wanda ya sani. Ana nan sai Khalifa, ɗan Alhaji da ke Yamai, ya yi waya ya ce ya samo wani tsohon kaset na kokawar ranar, an juye shi cikin kwamfuta kafin zaren ya tsintsinke. Zai tafi karatu Maroko, bai ma sami damar kallo ba, amma ya sa na'urar a mota tare da kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da kwafi na biyu. Ban da nan, fim ɗin ba ya ko'ina a duniya. Tun kafin motar ta iso Alhaji ya miƙe a masallaci ya gayyaci unguwa kaf, Juma'a bayan la'asar, a zo a gani da ido, Shekara kuma a ba shi tabarmar gaba.

Na'ura ta iso. Alhaji ya yi shiru kwana biyu, ba a gan shi ko a majalisa ba. Daga nan sai ya aika a kira masa Falalu.

Falalu ya sa babbar riga ya rataya jakar sukuduraba. A zaure ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa kamar yadda suruki ke yi. Alhaji ya ce ya ji ana cewa na'urorin nan suna kamuwa da wata cuta mai cinye abin da ke ciki, kuma akwai maganinta na kyauta. Yana so a sa mata, amma kada kowa ya buɗe fim ɗin kafin Juma'a.

"An ce kai ka yi wa firigon yarinyar nan aiki," in ji Alhaji.

"Ni ne, Baba. Sai dai ba a ba aikin lokaci ya nuna kansa ba."

"To, ka yi wa wannan iyakar iyawarka. Kada ka rage komai. In Juma'a ta wuce yadda nake so, sai mu yi maganar komawarta."

Falalu ya fito ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Kafin ya isa fada ya riga ya tsara jawabi. Ya shaida wa jama'a cewa birus wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, tana shiga na'ura ta rezo, wato hanyar intanet, shi kuma ya sha kama ta da hannunsa a Damagaram. Rabi'u ya tambaye shi ko ita ce ta shiga firigo. Falalu ya ce wannan fanni daban ne, kuma wanda iliminsa ya tsaya a sikari da ganye bai kamata ya tsoma baki a informatik, ilimin kwamfuta, ba. Rabi'u ya miƙa masa kofi ya ce gaskiya ne, shi dai butarsa har yau tana tafasa.

Washegari aka shimfiɗa masa tabarma a zauren Alhaji. Rezo ba ya kamawa sosai a ciki, sai ya ɗora na'urar a kan turmin da aka kifa a bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan shi yana aiki. Ya haɗa ta da salularsa, ya rubuta da ɗan yatsa guda cewa yana neman antibirus na kyauta. Allo ya cika. Ga mai hoton garkuwa, ga mai kan zaki, ga mai kunama, ga wani mai hoton likita da allura, kowanne yana rantsuwa shi ne na ɗaya a duniya. Wani zai tsaya ya zaɓa. Falalu ya ga zaɓe wulaƙanci ne ga gidan Alhaji. Ya tuna babban kantin da ke kusa da siber ɗinsu, mai gadi ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ga kare. Ashe na'urar surukinsa ce za a bar wa mai gadi guda kamar rumfar mai tumatir?

Ya fara da Garkuwa. Kafin ya gama zama, Garkuwa ya tambaya cikin ladabi ko za a karɓi wata 'yar kyauta da ya zo da ita, mai share na'ura. A ƙasa ga Wi ga No, wato i da a'a na Faransanci. To Falalu ɗan gidan mutunci ne, a gidansu ba a koya masa mutum ya miƙo kyauta a ce masa a'a ba. Ko ba ka so ka karɓa ka yi godiya, in ya so ka ba wani daga baya. Ya danna Wi, har da cewa Allah ya saka da alheri. Mai shara ya shigo da ƙaninsa mai ƙara gudu. Mai ƙara gudu ya shigo da mai faɗin yanayin sama. Zaki ya zo da nasa mutanen, Kunama ya zo da nasa, Likita kuwa kamar ya kwaso asibiti duka. Duk wanda ya ce kyauta, Falalu ya ce Wi. Kafin azahar ƙasan allon ya cika da ƙananan hotuna jere kamar takalma a ƙofar masallacin Juma'a, shi kansa ya daina ƙirga su.

Daga nan na'ura ta fara nauyi. In ya tura kibiya sai ya sha ruwa ya dawo kafin ta motsa. Wani maƙwabci da ya tsaya kallo ya ce da safe kamar ta fi haka sauri. Falalu ya ce dole ne, yanzu ko kibiya sai an bincike ta a kowane shinge kafin ta wuce, kamar motar kaya a kan iyakar Ɗan Barto. Maƙwabcin ya ga hujjar ta yi ƙarfi, ya tafi yana jinjina kai.

Da la'asar rikici ya ɓarke. Zaki ya fito da jan rubutu ya ce ya kama ɓarawo, sunansa Kunama. Kunama ya ce ƙarya ne, Zaki ne ɓarawon, ya kuma tsare shi. Garkuwa ya kama su duka biyun. Likita ya duba ya ce na'urar tana da cututtuka fiye da yawan mutanen garin Kance, in ba a yi sauri ba ba za ta kai gobe ba. Falalu ya ji daɗi ƙwarai, don ya ga ba wanda ke barci a bakin aiki. Amma faɗa tsakanin ma'aikata ba kyau, sai ya yi abin da ake yi in 'yan gida ɗaya sun saɓa, ya nemo babba ya sasanta su. Ya saukar da wani mai hoton rawani da kambi. Babban yana shigowa ya tsare kowa, kowa kuma ya tsare shi.

Na'ura ta ɗauki zafi tana huci. Falalu ya aro mafici. Da mafici ya kasa, ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a bakin randar zaure ya ɗora ta a kai don ta sha sanyin ruwa. Yana cikin fifita sai ga Baiwa ta fito za ta maƙwabta. Ta tsaya ta dubi na'urar, ta dubi randar, ba ta dube shi ba.

"Sannu da jinya, Injiniya. Da sauƙi?"

"Zazzaɓin rigakafi ne. Ko jariri aka yi wa allura yakan yi ɗumi."

"Haka ne. Nawa jaririn ma da ɗumi ya fara."

Ta wuce abinta. Falalu ya bi ta da kallo, zuciyarsa ta yi sanyi, don rabon da ta yi masa magana mai tsawon haka tun ranar firigo. Ya ɗauka alamar nasara ce.

Ranar Alhamis ya tuna da kile. Ina amfanin gadin gida a bar rumbu a buɗe? Ya soka shi. Duk masu gadin suka taso masa a lokaci guda, allo ya yi ja ya yi rawaya, ɗaya daga ciki ya tambaya ko a tsabtace shi gaba ɗaya. Tsabta kuwa ba abin ƙi ba ce. Bayan an gama ya leƙa ciki ya ga fili fetal, ko ƙura babu. Fim ɗin ma babu, amma ya tuna ai akwai na cikin na'ura. Ya je ya durƙusa ya gaya wa Alhaji cewa kile ya fita tas, babu sauran komai a cikinsa da zai cutar da kowa. Alhaji ya sa aka kawo masa fura mai nono, ya tambaya ko akwai sauran masu gadin da ba a sa ba. Falalu ya ce akwai kaɗan. Alhaji ya ce a ƙara.

Juma'a bayan la'asar ƙofar gidan Alhaji ta cika. An kafa rumfa, an fito da babbar tele an ɗora kan tebur, mata sun taru daga bakin zaure, masu rake sun jera kayansu a gefe. Har wani tsohon makaɗin 'yan kokawa aka ɗauko daga garin Tsauni a kan kabu-kabu. Malam Shekara ya zauna a tabarmar gaba, ya cire hula ya shafa sanƙonsa ya ce shi dai a shirye yake ya nemi gafara in ta kama. Alhaji yana kan kujera cikin farar shadda, yana jan carbi da sauri fiye da yadda aka saba gani.

Falalu ya ƙi yarda a kunna kafin ya yi jawabi. Ya ce na'urar da suke gani, ko fadar gwamna ba ta kai ta tsaro ba. Ya ce ya ɗauko mata masu gadi daga ƙasashe daban-daban, kuma duk cikin mutunci suka zo, ba wanda ya nemi ko dala. Sannan ya haɗa waya, ya yi bisimilla ya danna.

Aka jira. Wani mai rake ya sayar da rabin kayansa. Makaɗi ya ɗan taɓa ganga ya bari. Can sai tele ta haska, jiniya ta tashi kamar ta motar asibiti, akuyar da ke ɗaure a gindin itacen bedi ta tsinke igiya. Wata murya ta mace ta fito da Faransanci tana sanar da cewa an gano haɗari. Tsofaffin da ke baya suka ɗauka gaisuwa ce, suka amsa mata da lafiya lau. Kafin ta rufe baki wata ta karɓa, sannan wani namiji mai kakkausar murya, duk suna magana a tare kamar 'yan kamasho sun ga fasinja. Falalu ya ce wa jama'a su kwantar da hankali, masu gadi ne ke miƙa rahoto.

Sai baƙin da suka zo da kyauta suka fara fitowa gaisuwa. Na farko ya ce gobe za a yi ƙanƙara a wani gari da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Na biyu ya taya Alhaji murnar cin mota. Na uku ya cika tele da hoton wani mai sanƙo da maganin tsirar gashi, jama'a suka juya gaba ɗaya suka kalli Malam Shekara, shi kuwa ya mayar da hularsa a hankali. Na huɗu ne ya ɓata taro, don wata Baturiya ce da ba ta gama sa kaya ba, an rubuta a ƙasanta cewa tana nan kusa a Matamaye tana neman miji. Liman ya rufe fuska da hannun riga yana a'uziyya. Daga bakin zaure wata tsohuwa ta tambaya 'yar gidan wa ce. Falalu ya yi ta danne-danne, gumi na ɗiga daga tabarau, in ya rufe ɗaya biyu su buɗe.

Da ƙyar da jiɓin goshi ya lalubo fim ɗin. Ikon Allah, ya buɗe. Hoto ya fito dishi-dishi, ga fili cike da mutane, ga kiɗa. Ya tura gaba har aka ga wani saurayi siriri mai layu a damtse ya shigo yana tsalle, mata suka ɗauki guɗa, don ko makaho ya san kunnuwan Alhaji. Ga Tanna na Yauri ya fito kamar rumbu. Makaɗin Tsauni ya kama ganga da gaske. Suka zagaya juna, suka sunkuya, suka kama. Tanna ya zura hannu ta ƙasa. Shekara ya miƙe a kan gwiwa. Carbin Alhaji ya tsaya cak.

Nan hoton ya daskare. Kan Zaki ya fito ya rufe 'yan kokawar, ya ce ya kama babban ɓarawon da ake nema, ko a hallaka shi har abada? Ga Wi ga No. Falalu dai Faransancinsa na tasha ne, ga jiniya, ga idon jama'a. Ya tsaya da yatsa a sama, karo na farko a makon nan da ya ji shakka.

"Me kake jira?" in ji Alhaji. "Ka danna abin da ka saba dannawa mu ga gaba."

Ya danna Wi. Zaki ya yi godiya ya ɓace, 'yan kokawa suka ɓace tare da shi. Na'urar, wadda ta kwana biyu tana shan raɓar randa, ta yi wani ɗan tari, warin ƙonannen roba ya tashi, tele ta yi baƙi.

Wuri ya yi tsit, sai kukan akuya daga nesa. Wani ya ce a kawo kile. Falalu ya ce cikin ƙaramar murya an tsabtace shi. Daga nan aka fashe da dariya. Rabi'u ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Mai rake ya ce ko fadar gwamna albarka. Malam Shekara ya yi ta nuna baƙar tele yana rantsuwa cewa hannun nan da Tanna ya zura shi ne, daga shi sai ƙafafu a sama, amma ba mai sauraronsa, don kowa ya ga Alhaji a tsaye da ƙafafunsa har hoton ya ƙare.

Alhaji ya miƙe, jama'a suka yi shiru. Ya ce shaidar da ya yi ta jira tun gashinsa na baƙi, yau an ƙona ta a gabansa, saura ƙiris ya juya Tanna. Muryarsa ta yi rawa har mata suka fara share ido. Ya nuna Falalu da carbi ya ce ba zai zage shi ba, ba kuma zai kai shi ko'ina ba, amma ba ya son ya sake ganinsa yana sintiri a ƙofar gidan nan da sunan biko. Ya ɗauki matarsa yanzu-yanzu su tafi. Mutane suka watse suna cewa haƙuri irin na Alhaji Mussa sai an tona.

Baiwa tana gaba, Falalu na biye da ƙunshin kayanta a ka, yara na binsu suna kwaikwayon jiniya. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sai da suka shiga lungunsu ya ce mata shi wallahi alheri ya nufa, kuma ya san ya cuci Baba cutar da ba ta gyaruwa. Baiwa ta tsaya ta waiga ta tabbata ba kowa.

"Ranar da na'urar ta iso ni na kunna wa Baba, mu biyu a ɗaki. Har ƙarshe muka gani. Tanna bai ma yi gumi ba."

Falalu ya sauke ƙunshin.

"Baba ya rasa yadda zai yi, ga shi ya riga ya gayyaci gari. In ya ce ta lalace a hannunsa, Malam Shekara zai ce ɓoyewa ya yi. Sai Baba ya ce a duk Matamaye mutum ɗaya ne zai kashe ta a gaban jama'a kowa ya yarda tsautsayi ne."

Da fari abin ya soki Falalu. Amma a hankali ƙirjinsa ya fara tasowa, don in an duba da kyau, an ba shi aiki mai wuya, ya kuma yi shi cif, ba gyara. Ya buɗe baki zai faɗi haka, Baiwa ta riga shi. Ta ce ranar da ta ji ko ƙamshin maganar nan a bakin wani, ranar za ta koma gidansu, kuma a wannan karo ba mai aikowa a kira shi.

Da safe ya je fada, don rashin zuwa ya fi zuwa muni. Tun daga nesa aka tarbe shi da jiniya. Rabi'u ya ɓoye salularsa a aljihu, ya tambaye shi ko gaskiya ne gwamna ya aiko a kai shi fadarsa. Aka yi dariya, aka zuba ido ana jiran bayani, don ba a taɓa kayar da Falalu ya tashi ba hujja ba. Hujjar kuwa tana nan a bakinsa, mafi kyau da ya taɓa samu a rayuwarsa, har tana yi masa ƙaiƙayi a harshe. Ya dubi jama'a, ya dubi hanyar gida, inda hayaƙin girkin Baiwa ke tashi ta saman katanga.

"Kuskure ne," in ji shi. "Ban iya ba."

Ya ɗaga kofin shayin ya kurɓa da zafinsa, ya ƙona harshe.